Ranar da Muka Kai wa Shef Goro

Shekarar da na ajiye aiki a magazan Aubervilliers, wani katafaren sito, bayan ɗaukar kwalayen takalma ya koya wa bayana ruku'u ba tare da an yi kabbara ba, ƴata da mijinta suka ce za su huce mini gajiya. Su a Lyon suke zaune, can Vaulx-en-Velin. Yaron yana aikin bincike a jami'a kan wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, kuma ana biyansa a kan haka duk wata. Ni ban taɓa cewa komai ba. Suka saya mana tikitin jirgin ruwa, irin wanda ke yawo da mutane a teku ba don zuwa ko'ina ba, ya gama ya maido ka inda ya ɗauke ka. Mu uku ne matafiyan: ni, da Hajiya matata, da mahaifin yaron, wanda ya zo daga Tawa ganin jika.

Alhajin nan Ba'adare ne, dogo, mai tafiya kamar ana buga masa tambari a baya. Wansa ne mai garin ƙauyensu, saboda haka shi ma sarauta ta ɗan fantsamo masa. Faransancinsa duka kalma ɗaya ce, mersi, kuma yana ji da ita. Ni kuwa na yi lakwal a Damagaram har aji uku, ajin na ukun ma sau biyu na yi shi, saboda malamin ya ƙaunace ni. Lokacin bikin yaran, da muka je gida, na faɗa wa dangin ango cewa a Faransa ba ƙofar da ba na buɗewa da baki, har ma'aikatan ofishin takardu na Bobigny tashi suke yi in sun gan ni. Ban yi ƙarya ba. Suna tashi, don lokacin rufe taga nake zuwa. To wannan magana ta zauna a Adar, an ɗauke ni babban mutum, kuma a kanta ake girmama ƴata a gidan.

Da suka raka mu tashar jirgin ƙasa za mu gangara Marsai inda jirgin ruwan yake, surukina yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ga shi nan na bar muku. Ku ne tafinta."

Na ce kada ya damu. Hajiya ta gyara mayafi ta dubi allon tasha. Ita ta fi ni Faransanci, wannan zan faɗa don ba ta karanta abin da nake rubutawa. Ta yi shekaru tana aiki a madafar wata makarantar yara a Bobigny. Amma a gaban suruki ba ta buɗe baki sai gaisuwa, kunya ta ɗaure ta tamau. Wato duk harshen tafiyar nan yana wuyana, in na kasa kuma Adar ce za ta ji.

A cikin jirgin ban sha wahala ba. Abinci a jere yake, nuni kake yi da yatsa. Alhaji ya leƙa tafkin wanka na saman jirgi sau ɗaya, ya ga tsofaffin Turawa kwance a rana da ɗan ƙyalle, ya dawo ya tambaye ni ko an yi musu sata ne. Daga nan bai sake hawa ba.

Ranar da muka wayi gari a bakin tsibirin Korsika, aka manna mana takarda mai lamba a ƙirji kamar ragunan sayarwa, aka zuba mu a bis tare da Jamusawa da wasu tsofaffi ƴan Faransa. Wata yarinya ce jagorarmu, tana riƙe da ɗan allo a sama don kada mu ɓace. Za a kai mu ƙauyukan kan dutse.

Hanyar nan wanda ya zana ta bai yi kalaci ba a ranar. Ka juya hagu, kafin cikinka ya biyo ka an juya dama. Gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami, a ƙasan ramin kuma wata tsohuwar mota kwance da ƙafafu a sama. Shanu suna kwance tsakiyar kwalta ba makiyayi, direba ya tsaya yana jiran su gama tunani. Allunan sunayen garuruwa duk an huda su da harsashi. Alhaji ya tambayi dalili, na ce don iska ta riƙa wucewa ne kada ta kayar da su. Ya jinjina kai, ya ce Nasara akwai dabara. Can muka ci karo da aladu baƙaƙe suna kiwo a bakin hanya abinsu, Jamusawa suka ruga taga da na'urorin hoto, mu uku muka juya wajen ramin, muka ga ya fi kyan gani.

Ƙauyen da aka sauke mu yana manne a jikin dutse kamar gidan zanzaro. Gidaje dogaye na baƙin dutse, tagogi a rufe, lungu ba ya ɗaukar mutum biyu sai in suna shiri da juna. Akwai coci, akwai famfon dutse da ruwa ke zuba ba mai rufewa, abin da ya ɓata wa Alhaji rai ƙwarai. A ƙarƙashin wata babbar itaciya tsofaffi uku na zaune a benci da huluna da sanduna, ba mai ce wa wani uffan. Da na gan su na ji kamar na iso gida. Jagora ta ce kowa ya zaga ya ga gari, a haɗu a dandali lokacin cin abinci.

Jamusawa suka watse cikin lunguna suna ɗaukar hoton ƙofofin mutane. Alhaji bai motsa ba. Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da wani ƙunshi na tsumma mai laima, ya buɗe. Farin goro ne manya, tun daga Tawa yake lallaɓa su yana yayyafa musu ruwa kamar jarirai.

Ya ce, "Malam, mu ba Jamusawa ba ne. Ba a shiga garin mutane a kama yawo ba a gaida mai gari ba. Tambaya muna gidan shi."

Na ce ai nan ƙasar ba a yin haka.

Ya dube ni daga sama. Ya ce, "Ko dai tambayar ce ba ka iyawa?"

To kun ji inda ya taɓa. Na gyara hula na nufi bencin tsofaffin. Na zaɓi na tsakiya don ya fi su gemu, na yi masa bonjur, na tambayi gajiya da iyali da sanyi, bai amsa ko ɗaya ba. Sai na ce masa muna neman shef di vilaj. Haka aka koya mana a lakwal, shef di vilaj shi ne mai gari, kuma har gobe ina nan a kan bakana. Ashe tsohon kunnensa ya riga shi ajiye aiki. Ya kara tafin hannu a kunne, na maimaita da ƙarfi, ya kama kalmar farko ya saki sauran. Ya ce, "A, shef," ya ɗaga sanda ya nuna wani lungu, ya ce ƙofar baya, koriya.

Na dawo ina taku ɗai-ɗai. Na ce wa Alhaji an ba mu izini, ta ƙofar manyan baƙi ma za mu shiga.

Muka bi lungun. Tun kafin mu kai, ƙamshin soyayyar albasa ya tarye mu. A bakin koriyar ƙofar akwai tulunan gas biyu da kwandon ɓawon dankali da wata kyanwa mai ƙiba. Hajiya ta tsaya cak. Ta dubi tulunan, ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe bakinta har hanci. Ni ma a nan zuciyata ta fara gaya mini wata magana, amma Alhaji ya riga ya tuɓe takalma ya ajiye su kusa da kyanwar. Na tuɓe nawa. Ya yi sallama da murya irin ta fada.

Wanda ya fito ƙato ne. Ciki a gaba, gashin baki kamar tsintsiya, farar riga mai maɓallai layi biyu, doguwar farar hula tsaye a kansa, a hannunsa na dama wuƙa mai tsawon kamu. Kafin ya yi mana magana ya juya ciki ya daka wata tsawa, muryoyi biyu suka amsa tare, "Wi, shef."

Alhaji ya taɓa ni da gwiwar hannu. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka ji fadawa. Wanga sarki ne na ƙwarai." Ya durƙusa ya dunƙule hannu ya ɗaga.

Ni na san kuku in na ga kuku. A Faransanci shi ma shef ake ce masa, kamar yadda ake ce wa shugaban ƴan sanda da mai kula da tasha da duk wanda ke da ikon yi wa wani tsawa. Laifin yaren ne, talaucin kalmomi gare shi. Amma ga surukina a durƙushe kan dutse mai maiƙo, ƙafa ba takalmi. In na ce masa ya tashi, mai dafa abinci ne, to da wannan labarin zai sauka a Tawa. Sai na durƙusa a gefensa.

Alhaji ya fara jawabi. Ya faɗi sunan ƙauyensu da na kakansu da ya haƙa rijiyar farko, ya yi addu'ar damina, ya tambayi lafiyar talakawa da dabbobi, ya ce baƙi ne mu masu wucewa, mun zo neman albarkar ƙasa. Ya ɗauki lokaci. Mutumin yana tsaye da wuƙa yana kallonmu, yana kallon takalmanmu.

Na ce da shi, "Musye, ya ce bonjur."

Alhaji ya waiwayo. "Duk maganar ga tawa, ita ke nan?"

Na ce Faransanci matsattsen yare ne, kamar madarar gwangwani, sai an kai gida ake ƙara ruwa.

Kukun ya duba lambar da ke ƙirjinmu, ya ce in mu mutanen bis ne abinci bai nuna ba tukuna, mu zaga ta gaba mu jira, nan ba a shiga.

"Mi yac ce?"

"Ya ce ya daɗe yana jin labarin Adar."

Alhaji ya yi murmushi, ya miƙa goron da hannu biyu. Na yi sauri na gaya wa kukun cewa dattijon nan daga Afirka ya taso, kuma ya rantse ba zai sa komai a baki a garin nan ba sai ya gaida shef. Wannan duk gaskiya ce. Sai na ga gashin bakin ya motsa. Mutumin ya soke wuƙar a ɗamara, ya goge hannu, ya karɓa. Ina jin tun da yake dafa wa masu yawon buɗe ido abinci ba wanda ya taɓa durƙusa masa. Ya ɗauki goro ɗaya ya shinshina, ya gatsa. Fuskarsa ta tattaru wuri ɗaya kamar bakin jaka. Ya tauna dai, ya haɗiye, idonsa ya kawo ruwa, ya tambaya ko dafa shi ake yi.

Na ce wa Alhaji, "Ya ce bai taɓa cin irinsa ba."

Daga nan hira ta ɓarke, ni ina tsakiya ina tare ta ta ko'ina. Kukun ya tambaya ko dattijon shi ma shef ne. Na ce a'a, wansa ne shef. Ya yi murna, ya ce ashe gidan sana'a ne, me wan nasa ya fi ƙwarewa a kai? Na juya na tambayi Alhaji wace shari'a ce ta fi zuwa gaban mai garinsu.

Ya ce, "Shanu cikin gonar hatsi. Kullum ita ce."

Na ce wa kukun, naman sa da gero.

Ya sumbaci yatsunsa, ya ce a hankali ake yinsa ko, a kan ƙaramar wuta? Na ce wa Alhaji mai gari ya ce irin wannan shari'a ba a yi mata gaggawa. Alhaji ya ce wallahi haka wansa ke cewa, sarauta duk ɗaya ce ko'ina. A bayanmu na ji wani ɗan sauti ya fito daga cikin mayafin Hajiya, kamar an taka ɗan tsako. Ta mayar da shi tari.

Na ɗauka mun tsira. Muka sa takalma muka koma dandali, jagora ta tara mu, ta kai mu cin abinci. Ina za ta kai mu in ba gaban gidan nan ba. Tebura a jere ƙarƙashin inabi, allo a bakin ƙofa an rubuta abincin ranar da alli. Na zaunar da Alhaji ya ba ƙofa baya. Bai yi amfani ba. Muna zama sai ga mai gari ya fito da kansa, hula tsaye, faranti uku a hannu ɗaya, yana rabawa Jamusawa.

Alhaji ya ajiye kofin ruwa. Ya dube ni.

Na ce, "Al'adarsu ce. Nan mai gari da hannunsa yake ciyar da baƙo. In bai yi ba, tuɓe shi ake yi."

Ya bi shi da kallo. Wani Bajamushe mai gajeren wando ya ɗaga yatsa ya kira mai gari ya ƙaro masa burodi. A nan Alhaji ya miƙe, tsawonsa duka.

Ya ce, "Sarki na ɗaukar akushi muna zaune? Ba a gidanmu ba. Tashi, Malam."

Na ce bayana na ciwo.

Ya ce, "Tashi."

Haka muka naɗe hannun riga. Farantan farko duk naman baƙaƙen dabbobin nan ne da muka gani a hanya, an yanka shi siriri an shanya, na tare Alhaji na ce wannan na hannun sarki ne kaɗai, baƙo ba ya taɓawa. Na ɗora masa kwandon burodi, ni na ɗauki tulun ruwa. Kukun ya yi ƙoƙarin hana mu, Alhaji ya ce masa mersi ya ratsa ta gefensa. Jagora ta biyo ni tana cewa Musye, Musye, ku baƙi ne, an biya muku. Na ce mata ta yi haƙuri, maganar manya ce. Jamusawa kuwa sun ɗauka cikin tsarin tafiyar ne, suka yi ta tafi suna ɗaukar hoto. Alhaji yana bin tebura da babbar riga yana ajiye wa kowa burodi, yana yi musu nasiha da Hausa kan ladabin zama gaban sarki. Da ya iso kan mai gajeren wandon, ya ba shi guntun ƙarshe, mai tauri.

Ina cikin zuba ruwa na hango Hajiya ta faki idon suruki ta shige madafa. Na ji muryarta a ciki tana zuba Faransanci kamar rediyo, ita da kukun suna dariya. Ban san abin da ta faɗa masa ba, har yau ta ƙi gaya mini. Abin da na sani, da muka zauna an kawo mana namu daban: wainar ƙwai da farin cuku da na'ana'a, da miyar wake wadda ta tabbatar ba abin da ya gifta ta cikinta, da wani kunun gari mai zaƙi na ƴaƴan itacen dutsen. Kukun da kansa ya ajiye a gaban Alhaji, ya ɗan rusuna, ya dafa ƙirji. A ƙarshe ya kawo wani cuku mai wari wanda in ka ajiye shi a ɗaki ɓera zai yi ƙaura. Alhaji ya cinye nasa tas don kada a ce ya raina kyautar sarki, hawaye na bin gemunsa. Na ce a raina an rama wa kuku goro.

Kafin mu hau bis ya ce sai an yi hoto. Jagora ta ɗauka da wayarsa: kuku a tsakiya da ludayi, mu biyu a gefe, allon alli a bayanmu. Muka sauko dutsen, jirgi ya ci gaba da yawonsa, duk tashar da muka tsaya Alhaji sai ya ce garin ba shi da tarbiyya kamar wancan.

Da muka komo Vaulx-en-Velin aka yi mana tuwo. Bayan an ci, muna zaune a falo, Alhaji ya fara ba da labari, ya kai kan mai gari, ya fito da waya ya miƙa wa ɗansa. Ƴata ta leƙo ta kafaɗar mijinta. Ta dubi hoton, ta dubi uwarta, uwar ta dubi silin. Yaron kuwa ya daɗe yana kallo. Mutum ne da ya saba ganin abin da ido ba ya gani, balle ƙaton kuku da ludayi.

Alhaji ya sa yatsa a kan allon. Ya ce, "Karanta mini abin da anka rubuta nan. Na manta ban tambayi Malam ba."

Ni na san abin da ke jiki. Miya, nama, cuku, da farashi a ƙasa. Na kafa wa kafet ido ina ƙirga furanninsa. Yaron ya ɗago ya dube ni, karo na farko ke nan da ya taɓa haɗa ido da ni tun da ya auri ƴata, ya yi maza ya sunkuyar.

Ya ce, "Baba, an rubuta ana yi wa manyan baƙi barka da zuwa."

Alhaji ya ce, "To ka ji. Surukinka ya san ƙasar ga. Ba don shi ba da mun shiga mun fita kamar Jamusawa." Ya ce a wanke hoton babba, zai kai wa wansa a rataye a zaure, ya ga yadda sarakunan wasu ƙasashe ke yi wa baƙo hidima.

Ƴata ta tattara kwanuka da sauri ta yi madafa, uwarta ta bi ta, suka rufe ƙofa suka buɗe famfo. Duk da ƙarar ruwan ana jin su, ɗaya na shiɗewa ɗaya na bubbuga tebur. Alhaji ya karkata kunne, ya tambaya ko lafiya, kamar kuka yake ji.

Na ce albasa suke yankawa, ta gobe.